Biskit da lemon kwali, ko ƙosai da ƙwai: me za a zuba wa ɗan nazare?

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwa a cikinmu ta kawo tambaya a kan ɗanta mai shekara 4 da ke ajin nazare. Mai adaidaita yana zuwa ɗaukarsa ƙarfe bakwai saura, a lokacin ko kunu ba ya yarda ya kurɓa. Antin ajinsu ta ce tun kafin a tashi tara yake fara ƙananan koke-koke yana kwantar da kai a kan tebur. Ita kullum biskit da lemon kwali take saka masa a kwando, surukarta kuma ta ce a daina, a koma abincin gida. Tana so a kwatanta mata biyun.

'Yar'uwa, a mafi yawan maganar nan ina bayan surukarki, amma akwai wuraren da biskit ya fi, kuma zan faɗe su.

Mu fara da lissafin awoyi. In yaro ya ci tuwon dare ƙarfe 7, ya kwana, ya fita bai karya ba, sai ƙarfe 10 na safe wani abu ya shiga bakinsa, awa 15 ke nan cikinsa ba komai. Babba ma zai ji a jikinsa, balle yaron da cikinsa ƙarami ne, wanda aka fi so ya ci abinci sau uku a yini da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani. Kukan da yake yi ba shagwaɓa ba ce. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, yaron da yunwa ke ci ba zai bi Anti a waƙar baƙaƙe ba. To abin da ke cikin kwandon nan, a wajen ɗanki, shi ne karin kumallonsa gaba ɗaya. Da wannan ma'auni ya kamata a auna biskit da ƙosai.

Wajen riƙe ciki tazarar tana da faɗi. Biskit fulawa ce da aka cire mata dusa, da sukari, da mai. Lemon kwali kuwa yawancinsa ruwa ne da sukari da ɗanɗano. Jiki yana narkar da su da sauri, kukan ya tsaya nan take, bayan ɗan lokaci yunwar ta dawo, sai ki ga yaron ya iso gida a galabaice yana rigima. Ƙosai da alale da ɗanwake na wake ne, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, ga dusa mai sa abinci ya jima a ciki. Ƙwai guda yana da kimanin giram 6 na wannan sinadari, alhali abin da masana a Amurka suka ƙayyade wa yaro mai shekara 4 zuwa 8 giram 19 ne a yini. Ƙwai ɗaya ya biya kusan sulusin buƙatarsa ke nan. Awara ma haka take, ga ta da sauƙin kuɗi. Ƙosai uku da ayaba ɗaya za su kai yaro har a tashi makaranta, ledar biskit ba ta kai shi.

Inda na fi damuwa shi ne sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa, in da hali ma a sauko ƙasa da kashi 5. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta mayar da wannan zuwa awo mai sauƙi: yaro ɗan shekara 4 zuwa 6 kada ya wuce giram 19 a yini, wato ƙaramin cokali biyar ba kaɗan. Yanzu ki ɗauko kwalin lemon da kike saya ki juya bayansa. Da yawa daga cikinsu suna da wajen giram 10 a kowane mililita 100. Kwali mai mililita 200 ya cinye kason yini ke nan, ba a taɓa biskit ɗin ba, ba a lissafa sukarin kokon gida ba. Hoton lemo ko mangwaro a jikin kwali ba ya nufin an matse 'ya'yan itace a ciki, jerin kayan haɗin ne zai gaya miki. Kuma yaro ba ya shanyewa lokaci ɗaya, tsotsa yake yi a hankali, haƙoransa suna jiƙe da zaƙi tsawon lokaci. Daga nan ne baƙin haƙorin gaba yake farawa. Kada a ce ai haƙoran madara ne za su faɗi, domin ciwonsu yana hana yaro barci da cin abinci, kuma su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi.

Sai dai in za a yi adalci, ba duk abin da ya fito daga kicin ɗinmu ne ya tsira daga wannan ba. Cincin da fanke da dubulan biskit ne da aka yi a gida: fulawa, sukari, mai. Zoɓon da aka zuba wa sukari har cokali na tsayawa bai fi lemon kwali ba. Indomie zalla da duk garin ɗanɗanonta gishiri ne mai yawa ga ƙaramin yaro, sai in an rage garin, an fasa ƙwai, an yanka karas da kabeji. Saboda haka abin da za ki duba shi ne me ke cikin abincin, ba wanda ya dafa shi kaɗai ba.

Akwai batun jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila suna da hannu a ciki, amma rashin sinadarin ƙarfe a abinci babban dalili ne. Wake da gero da gwaiduwar ƙwai da zogale suna da shi. In aka haɗa da lemon ɓawo ko gwaiba ko gwanda, bitamin C ɗin da ke cikinsu yana taimaka wa jiki ya zuƙe shi. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare shi. Na ambaci wannan ne saboda gidaje da yawa shayi da burodi ne karin yara kullum, ana ganin an yi abin kirki. In za a ba shi, a sa madara ta fi yawa, ganyen shayin ya zama kaɗan ƙwarai ko a bar shi, kuma a shafa wa burodin wani abu mai amfani kamar ƙwai ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa.

Yanzu ga inda biskit ya yi nasara, kuma nasarar ba ƙarama ba ce: ba ya lalacewa. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba, domin ƙwayoyin cuta suna hayayyafa sosai tsakanin digiri 5 da digiri 60. Daga ƙarfe shida da rabi da kika zuba zuwa ƙarfe goma, awa uku da rabi ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, kwandon da aka jingine kusa da taga wuri ne mai haɗari ga alale mai kifi, da kunu mai madara, da fura da nono, da shinkafa. Gudawa ɗaya tana iya kwashe ƙibar da yaro ya yi wata yana tarawa. Don haka in abincin gida za ki saka, ki nemi ƙaramar kula mai riƙe zafi da gaske. Ki zuba mata tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, ki zubar, sannan ki saka abincin da zafinsa ki rufe. Ƙwai a dafa shi da safen nan ya dahu sosai, a bar shi da ɓawonsa a cikin kular, ba wanda ya kwana a waje ba. Ɗumamen jiya a ci shi a gida da zafinsa, kada ya bi yaro makaranta. Ayaba da lemo a cikin ɓawonsu ba su da wannan matsala, shi ya sa nake ganin su ne abokan tafiyar da suka fi dacewa. Kankana da gwanda da aka yanka kuwa sun fi kyau bayan ya dawo.

Wuri na biyu shi ne shaƙewa. Wasu kayan gargajiya da muke ganin sun fi biskit lafiya suna da haɗari ga ɗan shekara 4: gyaɗa guda-guda, aya, gugguru, dabino da ƙwallonsa, da ƙuli-ƙuli mai tauri. Shawarar likitocin yara ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa guda, sai niƙaƙƙiya. A aji mai yara da yawa da Anti ɗaya, ana ci ana guje-guje, ba wanda zai lura da sauri. A cire wa dabino ƙwallo a tsaga shi, inibi a raba shi a tsaye, gyaɗa ta shiga kunu. Kuma a tsince gyaɗar kafin a niƙa, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta wadda tafasa ba ta kashewa. A ɓangaren shago ma alewa mai tauri da cingam suna cikin wannan sahu.

Lokaci da wahala, wannan ma biskit ne a gaba, ba sai an faɗa ba. Uwar da za ta shirya yara uku ta wuce aiki ba kullum za ta jiƙa wake ta surfa ta kai markaɗe ba. Amma akwai hanyoyin ragewa. Garin wake yana ajiyuwa. Dankalin Hausa, musamman mai launin lemo a ciki da ke da bitamin A, dafa shi bai fi ɗora ruwan wanka wuya ba. Ƙosan mai tuya ta bakin layi ma ya yi, in kin san tsabtarta, ki je da kwanonki maimakon a naɗe a takarda, kuma ki ce kada ta zuba yaji. Ta fuskar kuɗi, ki lissafa abin da katan ɗin lemo da na biskit ke ci a wata, ki kwatanta da ƙwai da ayaba na kwanakin makaranta a kasuwarku, za ki ga da kanki. Ranar da safiya ta ƙure, da babu gara ba daɗi: biskit marar kirim, da ayaba, da gorar ruwa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, domin ƙananan shaguna sukan daɗe da kaya.

Kada kuma a dogara da cewa makaranta za ta cike giɓin. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 an tsara shi ne don 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, 'yan nazare ba su shiga ciki ba.

Abin da zai fi ba ki wahala shi ne yaron kansa. Ya saba da zaƙi, kuma abokansa suna buɗe ledoji masu kala. In kika sauya komai rana ɗaya, kular za ta dawo yadda ta tafi. Ki fara da lemon kwalin, shi ya fi ɓarna: ki maye gurbinsa da ruwa a gora mai kyau da shi ya zaɓa. Biskit ɗin ki rage shi zuwa guda biyu a gefen ƙosai ko ƙwai, daga baya ya koma na ranar Juma'a kawai. Ki zuba kaɗan, don tulin abinci yana kashe wa yaro sha'awa, kuma ki yanka yadda hannunsa zai iya ɗauka. Ki ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da ke kika yarda da su, ayaba ko lemo, dankali ko awara. In iyayen ajin za su haɗa baki a taron iyaye da malamai a ware lemon kwali, aikin kowa ya ragu.

Sai safiyar, wadda a ganina ta fi abin cikin kwando muhimmanci. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, har da na rana. Wanda ya kai ƙarfe 10 na dare a gaban waya, aka finciko shi da asuba, aka yi masa wanka yana gyangyaɗi, ba zai ji yunwa ba sai ya isa aji. Ki matso da kwanciyarsa zuwa bayan sallar Isha'i, ki tashe shi da ɗan sauran lokaci, ki bari sai ya gama wanka ya wartsake sannan ki miƙa masa rabin kofin kunun gyaɗa ko koko mai ɗumi da ƙosai ɗaya. Ki zauna ki sha naki tare da shi. Ban da ɗura, ban da tsawa, domin yaron da ake yi wa ɗura da safe yakan tsani karin kumallo gaba ɗaya.

Ki roƙi Antinsu ta lura miki da abu uku: ko yana cin abin da kika zuba ko rabarwa yake yi, ko ana wanke musu hannu da sabulu kafin su ci, da kuma ko a zaune suke ci. In kin gyara barci da abinci na mako biyu ko uku yana nan da kasala, ko kika ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko yana ramewa, ko yana yawan shan ruwa da fitsari fiye da da, ki kai shi asibiti a auna jininsa. Allah ya raya mana su, ya ƙara masa lafiya.