Hoton raƙuman dawan Kure da na rataya a falo

Wata uku kenan da hoton nan ya iso hannuna sai yau Allah ya yi zan faɗi yadda na same shi. Wajen wani matashi mai ɗaukar hoto a Yamai na saya, a Instagram na fara ganin aikinsa muka koma WhatsApp muka daidaita, ya wanke min babba ya sa a firem ya ba direba ya kawo har tashar Maraɗi.

A Kure ya ɗauke shi, wajen kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage. Guda biyu ne a gindin gawo, ɗaya ya miƙa wuya yana tsinkar ganye, kun san gawo da rani yake yin ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. To abin da ya sa na kasa wuce hoton ba ma su ba ne, wata mata ce a ƙasa gefen hagu ɗauke da damin kara a ka, zaninta shuɗi ya koɗe, silifas ɗinta duk ƙura, tana tafiyarta ko kallonsu ba ta yi ba kamar awakin maƙwabta ne. Wallahi nan hoton yake. Ga hazon hunturu ya sassauta hasken har zanen jikinsu, wanda dama bai kai na raƙuman Kenya duhu ba, ya kusa zama ɗaya da launin ƙasar.

Na gaji da hotunan Afirka iri biyu, ko dabba ita kaɗai a daji kamar ba bil'adama a ƙasar, ko mutum an ɗauke shi don a ji tausayinsa. Wannan yaron ya bar matar da mutuncinta, aikinta take yi. Kuma gaskiyar Kure kenan, dabbobin a cikin gonakin mutane suke yawo babu shinge. A 1996 guda 49 kacal suka rage, yau sun haura 600, har a 2018 aka kwaso takwas aka kawo Gadabeji nan jiharmu. Da mutanen ƙauyukan ba su yi haƙuri da su ba da yanzu sai labari. Inna da ta zo ta daɗe tsaye a gabansa sannan ta ce "ɗan nan, waɗannan ai ba sa barin wake a gona", kuma haka ne manoman can suna kuka da hakan.

Inda ban ji daɗi ba gilashin ne, mai ƙyalli ya sa, da daddare in an kunna ƙwan lantarki fuskarka kake gani maimakon matar, sai da na canza masa bango. Kusurwar firem ɗin ma ta ɗan ɓantare a hanya don kwali ɗaya tal ya naɗe shi da shi, ya kuma ƙara min sati biyu kan alƙawari. Kuɗin sun ɗan yi ciwo amma takardar mai kauri ce, launin bai gusa ba duk zafin nan namu.

Na riga na yi masa magana kan na biyu, na wasu makiyaya a bakin rijiya, na ce wannan karon kar ya sa gilashi kuma ya rubuta min sunan wurin da shekarar a bayansa.