Shekara guda da wuƙar da aka tsoma a ruwan naitirojin

Bara na sa wani maƙeri da ke ƙasar waje ya ƙera mini wuƙar fiɗa da ƙarfen AEB-L, wato ƙarfe mara tsatsa na kamfanin Uddeholm na Suwidin, wanda asalinsa don reza aka yi shi. Ya nemi ƙarin kuɗi domin ya tsoma ruwan wuƙar a ruwan naitirojin, wato iskar naitirojin da aka mayar ruwa, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, na kuwa biya ina ɗari-ɗari, don a lokacin na ɗauka dabarar cin kasuwa ce kawai.

Bayanin da ya yi mini ya fi tallarsa ma'ana. Idan aka gasa irin wannan ƙarfe ya haura digiri 1,000 aka sanyaya shi da gaggawa, cikinsa yakan rikiɗe daga ostenait mai taushi zuwa matensait mai tauri, sai dai yawan sinadaran kuromiyom da kabon da ke cikin ƙarfen yakan sa wani kaso ya ƙi rikiɗewa. Tsananin sanyin ne ke ƙarasa wannan ragowar, da sharaɗin a tsoma wuƙar nan take, kafin a mayar da ita tanda a sassauta mata tauri, domin idan aka bari ta kwana amfanin yakan ragu. Ribar ba ta cika wuce maki ɗaya ko biyu a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell ba, tawa kuwa ya ce ta tsaya a 62.

Ranar Babbar Sallah na san abin da na saya. Na feɗe ragon layya, na yanka naman tas, ban koma kan dutsen washi ba, alhali tsohuwar wuƙata sai na wasa ta sau uku kafin fata ta fita. Abin da ya fi burge ni ma wajen washi ne: siririn ƙarfen nan da ke lanƙwashewa a gefen baki yana ƙin fita, a wannan wuƙar goga biyu a kan fata ya ishe shi.

Taurin kuma yana da illarsa. Ƙanena ya ɗauke ta ya sari ƙashin cinya, bakin ya ɓantare kamar ƙwayar gero, na ɓata yammaci guda ina gyarawa. Laifinsa ne, amma da maƙerin ya faɗa mini tun farko cewa wuƙa mai wannan tauri da siririn baki ba ta son ƙashi, da na ɓoye ta.

Zan sake biyan kuɗin a kan wuƙar yanka da fiɗa, muddin maƙeri zai iya gaya mini zafin da ya gasa ƙarfen da kuma lokacin da ya tsoma shi. Wanda bai iya ba da wannan amsa ba, sai dai ya riƙa cewa sanyi yana ninka kaifi, ba zan ƙara masa ko sisi ba. Sara kuwa yanzu na bar wa adda.