Google Scholar ko ma'aikacin laburare na fanninka?

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri yana da ƙofa biyu: ya buɗe Google Scholar a waya, ko ya taka wurin ma'aikacin laburare mai kula da fanninsa.

Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike a intanet wanda ya fito a 2004, ba ya barci. Sai dai maƙalu da yawa da zai nuna maka a kulle suke sai ka biya, kuma ba ya tsame maka mujallar 'yan damfara daga ta gari.

Ma'aikacin fanni kuwa yana da lokacin tashi. Amma shi ke ba da shawarar littattafan da za a saya wa sashenku, ya kuma san abin da malamanku ke bincike a kai. Idan ɗalibin noma ne, zai buɗe masa AGORA, na likitanci HINARI, rumbunan maƙalu da jami'o'in ƙasashe masu tasowa ke samu kyauta ko da rahusa. Idan mai nazarin tarihi ne, zai tura shi Arewa House a Kaduna, wurin rubuce-rubucen Larabci da Ajami. Wasu ma'aikatan laburare ma bincikensu ke nan, yadda za a adana irin waɗannan takardu kafin gara ta cinye su, aikin da nake ganin ba a yaba masa yadda ya kamata.

Ni da mutumin nake farawa, sannan in koma waya.