Rijiyar Kanada a Garwa: abin da bututun ƙarƙashin ƙasa ya yi wa ɗakin Inna

Tun da labari ya bazu cewa na binne bututu a tsakar gida don sanyaya ɗaki, ba na rasa mai tare ni da tambaya, a kasuwa ko a ƙofar masallaci: wai da gaske an samu abin da zai raba mu da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki ta lantarki? Bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya. Bai kai kilim ba, kuma a Garwa ba zai taɓa kaiwa ba. Amma yana aiki, kuma ga buƙatar da ta sa na yi shi, ban yi da-na-sani ba. Sai dai duk wanda zai zuba kuɗinsa ya san me yake saya, domin abin da ake nunawa a bidiyon talla daban, abin da ƙasar Garwa ke bayarwa daban.

Ni atamfa da shadda nake sayarwa, gidana a Yelwa. Mahaifiyata ta manyanta ƙwarai, zafin Maris da Afrilu yana jigata ta, ta kasa cin abinci, ta kasa barci. Kilim kuwa ba ta son ko ganinsa. Ta ce sanyinsa yana shiga mata gwiwa, yana busar mata da maƙogwaro. Ko da tana so ma, kowa ya san halin wuta a bazara: arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma lokacin da ruwanta ya fi ja baya shi ne lokacin da muka fi bukatar sanyi. Abin da nake nema ke nan: iska mai dama-dama, wadda ba ta jiran wutar gari, wadda tsohuwa za ta yarda da ita.

Wani matashi ne ya yi min aikin, ya yi karatu a Ngaundare, yana harkar sola da gyaran firji da kilim. Shi da yaransa suna kiran abin rijiyar Kanada. Hikimar ba sabuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa jan guga: ruwan rijiya da asubar hunturu ɗumi gare shi, da azahar ɗin bazara kuma sanyi. Ba ruwan ne ke canjawa ba, mu ne a sama muke hawa da sauka. In an nutsa mita 2 zuwa 3, zafin ƙasa kusan a tsaye yake duk shekara. To sai a binne dogon bututu a wannan zurfin, fanka ta jawo iskar waje ta bi ta ciki a hankali, ƙasa ta tsotse zafinta, ta fito a ɗaki ta huce. Babu gas, babu kwamfireso. Nawa layi biyu ne, kowanne mita 30, faɗin bututun santimita 20, a zurfin mita 2 da rabi. Bakin shigar iskar yana ƙarƙashin darbejiya, an ɗaga shi kamar tsayin ƙirji, da hula da ragar sauro da matacin ƙura. Fankar ƙarama ce, ba ta kai wat 100 ba, fanon sola ɗaya da batiri suna riƙe ta.

Ƙanena da ke Jamus shi ya fara sa min abin a rai, kuma shi ya so ya ruɗa ni. Ginin da yake haya, mai hawa da yawa, da zafin ƙasa ake ɗumama shi. Ya yi ta yabo a waya: "Yaya, waje ƙanƙara, mu a ciki da singileti." Amma nasu wata na'ura ce dabam. Can ana huda ƙasa kamar rijiyar burtsatse, zurfin kusan mita 100, a zura tiyo mai lanƙwasa, ruwan da aka gauraya da maganin hana daskarewa ya riƙa zagayawa a ciki. Ƙasarsu tana wajen digiri 10 ko da sama ta daskare. Ruwan ya ɗebo wannan ɗan ɗumi, sai inji mai kwamfireso ya matse shi ya ɗaga shi har ya isa ɗumama daɓe da ruwan wanka. Firji ne aka juya masa baya: firji yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar a ɗaki, wannan kuwa yana kwasowa daga ƙasa ya zuba a gida. Ribar ita ce, kowane awo ɗaya na lantarki da injin ya ci, yakan ba da awo 3 zuwa 4 na ɗumi, domin ba ƙirƙirar zafin yake ba, ɗauko shi yake. Tun 1912 wani injiniya a Suwizalan, Heinrich Zoelly, ya yi rajistar dabarar, kuma a yau gidaje dubu ɗaruruwa a Suwidin da ita suke fita hunturu.

Na tambayi matashin ko irin wannan injin zai yi a nan, a juya shi ya riƙa sanyaya. Amsarsa ce ta sa na amince masa. Ya ce: "Alhaji, zai yi, har ya fi kilim tattalin wuta, don zuba zafi a ƙasa mai digiri 30 ya fi sauƙi a kan zuba shi a iska mai 43. Amma su Turawa suna cire zafi da hunturu su mayar da bazara, ƙasarsu tana hutawa. Mu zubawa kawai za mu yi shekara da shekaru, ƙasar da ke kewaye da ramin ta yi ta ɗumama. Ga kuɗin huda, ga injin sai an yi odarsa, in ya lalace ni kaina ba ni da kayan gyaransa." Ya ce in asibiti ne ko babban otal, da injiniyan da zai yi lissafi, a zauna a duba. Ɗaki ɗaya na tsohuwa kuwa, a'a. Mai sana'ar da zai ce maka kada ka sayi mai tsadar ba kullum ake samunsa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Zafin ƙasa a can ciki yana bin matsakaicin zafin garin na duk shekara. Shi ya sa a Faransa bututun ke hura iska mai sanyi sosai, bidiyonsu ba ƙarya ba ne. Matsakaicin Garwa kuwa yana wajen digiri 28, Marwa da Injamena duk kusan nan suke, kuma filin da rana ke duka babu inuwa yakan ɗara haka. Bututu ba zai ba ka abin da ƙasa ba ta da shi ba. Na sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a inuwar zaure, ɗaya a bakin bututun. A tsakiyar Afrilu, da la'asar, na zaure yakan nuna 42 ko 43, na bakin bututu 31 zuwa 32, tsakiyar ɗakin kuma wajen 34. Wanda ya saba da kilim ɗin banki zai ce wasa ne. Wanda ya shigo daga tsakar gida da ƙarfe uku na rana ba zai ce haka ba. Inna ta koma yin ƙailula, ta daina jiƙa zani tana lulluɓa, kuma wannan shi ne abin da na biya kuɗi dominsa.

Na lura da abu biyu da ba a faɗa min ba tun farko. In aka bar fankar tana aiki dare da rana, zuwa ƙarshen bazara iskar takan ƙaru da digiri ɗaya ko biyu, ƙasar da ke jikin bututun ta ƙoshi da zafi. Sannan da asuba, iskar waje takan fi ta bututun sanyi, ko su yi kunnen doki. Saboda haka mun koma kunna ta daga hantsi zuwa tsakar dare, bayan nan a buɗe taga. Da na gaya wa matashin, ya ce ai haka ake yi. To me ya hana ka faɗa? Wannan ita ce matsalarsa gaba ɗaya: hannunsa ya iya aiki, bakinsa kuwa sai an tambaya. Ko takarda ɗaya ta yadda za a kula da abin bai bar min ba.

Hunturu ne ya ba ni mamaki, don ban sa shi a lissafi ba. A Disamba da Janairu, lokacin da asuba ke sauka ƙasa da digiri 20, bututun yana hura iska mai ɗumi, wajen 27. Da, Inna kaskon garwashi take sa a kai mata ɗaki ta rufe ƙofa, abin da ya daɗe yana tayar min da hankali, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba a ji warinsa ba. Bana ba ta nemi kasko ba. Har ta ce da ni: "Ɗan nan, wannan rami naka ya fi sanin hunturu a kan bazara." Ina ganin mutanen Ngaundare, da ke kan tudu sama da mita 1,000, za su fi mu morar wannan ɓangaren, ƙasarsu ma ta fi tamu sanyi in an zo bazara. Wahalar hunturu ita ce ƙura. Matacin yakan toshe da wuri, iska ta ragu, sai an cire an wanke kusan kowane mako har buji ya lafa.

Damina kuwa ita ta tona asirin aikin. A Agusta ɗakin ya fara warin ruma, fankar tana wani gurgur. Da aka buɗe ramin dubawa, ruwa ne kwance a layi ɗaya, har sauro sun fara samun gida. Wata mahaɗa ce ba a liƙe da kyau ba, ruwan sama da ya jiƙe ƙasa ya tsiyaya ciki, kuma gangaren layin bai kai ba, ruwan bai gudu zuwa ramin tarawa ba. Ka'idar ita ce bututu ya sauka kamar santimita 2 a kowace mita. Matashin dai ya zo, bai yi musu ba, ya haƙe wurin ya gyara bai karɓi ko sisi ba, ni na biya leburori abinci kawai. Amma ya sa ni jeka-ka-dawo kafin ya zo, wayarsa kullum "ina kan hanya, Alhaji", alhali tsohuwa na shaƙar iskar. Tun daga nan, da ruwa ya sauka sosai muke toshe bakin bututun. Babu asara a ciki, iskar damina ta dare ta fi ta ƙasa sanyi. Masu gida kusa da Binuwai ko a kwari, inda ruwa ke tasowa kusa da sama, ni dai ba zan ba su shawarar yi ba sam.

Kuɗi: duka-duka ya haura sefa dubu 800 kaɗan. Bututun da haƙa su suka cinye mafi yawa. Farashin da matashin ya fara faɗa min bai kai haka ba, amma da aka nutsa sai masu haƙa suka ci karo da dutsen yashin nan na Garwa, diga ta riƙa tsalle, suka ce sai an ƙara. Ban ga laifinsu ba, na ga laifin wanda bai haƙa ramin gwaji ba kafin ya yanke farashi. Abin da na yaba masa a wajen haƙar shi ne ya tilasta a buɗe bakin ramin ya fi ƙasansa faɗi, a tokare gefen yashi da katako. Leburorin sun so su yi gajeriyar hanya, ya ce rami mai zurfin nan in ya rufta ba a fitar da mutum da rai. Da kuɗin nan zan sayi kilim biyu har da canji, wannan gaskiya ne. Amma kilim ɗaya yana cin wutar da ta ninka ta fankar nan sau goma ko fiye, kuma in kana so ya yi aiki ba wutar gari, fano da batirin da zai ɗauke shi sun fi kilim ɗin tsada nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da matashin ya nace a kai kafin ya taɓa ƙasa, na ɗauka neman ƙarin aiki ne: rufin ɗakin. Kwano ne tsirara, da silin ɗin kwali mai siriri. Ya ce in ba a gyara sama ba, abin da bututu ya kawo da cokali kwano zai kwashe da masaki. Aka shafa wa kwanon farin fenti, aka sa abin tare zafi a kan silin, aka buɗe ƙaramar kafa a saman bango don iska mai zafi ta fita, aka kafa rumfar zana a bangon yamma. Tun kafin a kunna fankar zafin ɗakin ya sauka. In mutum kuɗinsa kaɗan ne, ya fara da wannan, watakila ma ya tsaya nan. Kakanninmu da ke gina soron ƙasa mai kaurin bango ba su san bututu ba, ɗakunansu kuma sun fi na bulo da kwano daɗin zama.

Wa zan ce ya yi? Mai sabon gini, wanda dama zai haƙa harsashi da masai, tsakar gidansa da faɗi da inuwa, yana neman rage wa ɗaki ɗaya ko biyu kaifin rana: ɗakin tsoho, ɗakin mai jego, ko ma'ajiyar kantin magani, tunda magunguna da yawa an rubuta a kwalinsu kada su wuce digiri 30, ko da yake a Afrilu bututun shi kaɗai ba zai kai ka nan ba. Mai falo babba da ke son baƙi su ji sanyi ya dake su, ya je ya sayi kilim. Maƙwabcina da ya ce in haɗa shi da matashin, na haɗa su, amma na ce masa kada ya ba da kafin alƙalami sai an rubuta abu uku a gaban shaidu: ramin gwaji kafin farashi, a zuba ruwa a kowane layi a gan shi ya fito ta ramin tarawa kafin a mayar da ƙasa, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin aiki har damina ɗaya ta wuce.