Saƙon tunatarwa mai sharaɗi a Brightspace, gaskiya ya min amfani

Ni malama ce ina koyarwa ta intanet, kuma abin da yafi gajiyar dani shine bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ina tuna musu aikin da basu miƙa ba. Sai wata abokiyar aikina ta nuna min wani tsari mai tura saƙo da kansa da ake kira Intelligent Agents dake cikin Brightspace, manhajar koyarwa ta intanet, wallahi kamar an sauke min kaya. Kai zaka sa sharaɗin da kanka, misali duk wanda yayi kwana 7 bai leƙo darasi ba ko wanda makinsa ya gaza abinda ka yanke, sai ka zaɓi lokacin da zai riƙa dubawa kullum ko duk sati, shi kuma ya tura imel harda sunan ɗalibin a ciki.

Inda nake so ku kula shine zaɓin turawa sau ɗaya ko duk sanda sharaɗin ya cika, in ka ɗauki na biyun ga wanda bai shiga ba to kullum saƙo zai same shi har ya gaji ya daina buɗewa. Akwai gwaji da baya tura komai, sunaye kawai yake nuna maka, don Allah ku fara dashi. Saitin farko yana cin lokaci kam, amma ɗalibaina biyu da na zata sun bari sun dawo.