Mai kajin unguwarmu a lokacin murar tsuntsaye

Sana'ata girkin biki da suna, kuma da wuya a kawo min aikin da babu kaza a ciki, ko soyayya, ko farfesu, ko dambu. Shi ya sa mata ke yawan tambayata inda nake sayen kaji, musamman tun hayaniyar murar tsuntsaye ta farkon 2025. Wuri ɗaya ne, wani shago mai ƙofa biyu a bakin titin unguwarmu nan cikin Kano, ƙofa ɗaya ta kaji masu rai, ɗaya ta figaggu da ƙwai. Ba zan kama sunansa ba, don cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, mai shagon kuma dattijo ne da nake jin nauyinsa. Malam muke ce masa.

Abin da ya fara riƙe ni a wurin shi ne sikeli. A gabanki ake ɗora kaza, ba a jiƙa ta da ruwa a daskarar sannan a ce miki ta kai kilo biyu. Yana da kajin nama na gidan gona, da tsofaffin kajin ƙwai, da noila, wato kajin haɗi masu kama da na gida. Kazar Hausa kuwa sai kin ba da sallahu tun jiya. In farfesu zan yi, tsofaffin kajin ƙwan nake ɗauka, don namansu yana jure wuta, ba ya narkewa a tukunya kafin baƙi su iso. Ƙundu da hanta ana ƙulla miki daban, ba sa ɓacewa a hanya kamar yadda suke yi a wasu wurare. Firizarsa da sola take aiki, ban taɓa buɗe leda na ji warin naman da ya narke ya sake daskarewa ba. Duk wannan mai kaji na kirki zai iya yi. Inda na san bambancinsa shi ne da gari ya rikice.

A watan Janairun 2025 gwamnatin jihar Kano ta tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a ƙaramar hukumar Gwale. Yadda hukuma ta bayyana, wani matashi ne ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza, ya zuba ta cikin kaji da zabin da yake kiwo a gida, ba a jima ba mafi yawansu suka mutu, gwaji kuma ya nuna cutar ce. Iyakar abin da aka sanar ke nan. Amma kafin labarin ya gama zagaya WhatsApp ya zama wai duk kajin Kano sun kamu. Wata murya da aka yi ta turawa tana rantsuwa cewa ko ƙwai ka taɓa shi ke nan. Ga shi tsakiyar hunturu ne, ƙura ta rufe gari, kowane gida akwai mai tari da majina. Duk wanda ya yi atishawa sai a tambaye shi ko ya ci kaza jiya.

Uwar wata amarya ta kira ni ana saura kwana kaɗan biki. "Hajiya, don girman Allah a cire kazar nan a mayar da ita naman sa, dangin ango sun ce ba za su ci ba." Wata kuma cewa ta yi in yi mata kek amma kada in sa ƙwai, kek ɗin da zai yi kusan awa guda cikin wuta. Surukata ta hana a dafa wa jikokinta ƙwai, ta ɗora kowa kan shayin citta da kanumfari, wanda ni ban ga laifinsa ba, yana da daɗi da sanyin nan. Wanda ya ban haushi shi ne na maƙwabciyata da ta je kemis ta sayo wa 'ya'yanta lafiyayyu kafso na antibayotik wai riga-kafi, alhali wannan magani ba ya taɓa ƙwayar cutar mura, ta tsuntsu ko ta mutum. Mu ne dai muka yi wanka da ruwan gishiri tsakar dare a 2014 saboda Ebola, wasu har suka sha, aka kwasa zuwa asibiti. Halin bai bar mu ba.

Cikin makon na je shagon, ina tsammanin ko dai in tarar ya rufe, ko in tarar yana rantse-rantsen cewa babu wata cuta, sharrin Turawa ne, kamar yadda na ji wasu 'yan kasuwa na faɗa. Ban tarar da ko ɗaya ba. Ya ɗaura igiya a ƙofar kaji masu rai, mai saye ba ya shiga, daga waje za ki nuna wadda kike so. Yara da aka aika an hana su leƙa keji. A bakin ƙofa akwai faffaɗan kwano da ruwan magani, duk yaron shago da zai shiga ko zai fito sai ya tsoma takalminsa. Masu yanka da figa sun sa takalman roba da safar hannu da takunkumi. Kejin agwagi da zabi babu komai, an wanke shi an kife. Na tambaye shi, ya ce, "Hajiya, agwagwa tana iya ɗaukar ciwon nan tana yawonta lafiya lau, kaza ce ke faɗuwa. Har abin ya lafa ba ni da agwagwa, ba ni da zabo, kaji ma daga gonaki biyun da na san likitansu kawai nake ɗauka."

Ina tsaye wani mutum ya tsaya da babur, kwando biyu cike da kaji a baya, yana neman a saya a rabin kuɗi, wai maigidansa ne ke son tashin gonar. Malam bai bari ya sauke ba. Ya leƙa daga nesa, ya nuna min wasu da suka lafe, kai a kumbure, tukku ya yi baƙi-baƙi. Ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka kai wa likitan dabbobi ya gani, kada ka shiga da su kasuwa." Mutumin ya ja tsaki ya ba babur wuta. Inda ya kai su, Allah ne masani, amma na san cikin kwanakin an yi ta yawo da kaji masu araha layi-layi, na kuma san matan da suka saya. Wasunsu su ne suka ture farantin soyayyar kaza a wurin biki.

Nan ne abin ya tsaya min a rai. An gudu gara an faɗa gidan zago. Naman da ya dahu har cikinsa ya kai zafin digiri 70 a ma'aunin Celsius, babu ja a jikin ƙashi, ƙwayar cutar ba ta rayuwa a ciki. Ƙwai ma haka, in ya dahu har gwaiduwa ta yi tauri. Mu kuwa wa ya taɓa ganin Bahaushiya ta kai kaza gaban baƙi da jini? Mu da muke tafasawa sannan mu soya. Firiza ce ba ta kashe ta, sanyi ma adana ta yake yi. Haɗarin yana ga wanda ya kama kaza mara lafiya, ya yanka, ya fige, ya fiɗe, ya shaƙi ƙurar gashinta da kashinta. Kuma mu muna da wata al'ada da kowa ya sani: da an ga kaza ta yi laushi sai a ce a yi maza a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. A ba yaro ya riƙe ƙafa, a ba yarinya ta fige a tsakar gida, a watsa wa sauran kaji hanjin. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata masu tura saƙon murya su yi ihu a kansa, amma ko sau ɗaya ban ji an ambata ba.

Ba ina cewa cutar wasa ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 2003 zuwa yanzu, kusan rabin mutanen da aka tabbatar sun kamu da nau'in H5N1 na murar tsuntsaye sun rasu. Sai dai kamuwar ba ta da yawa, kuma kusan duka masu cuɗanya da tsuntsaye ne, ba ta bin mutane daga wannan zuwa wancan yadda murar hunturu take yi. Matar da aka tabbatar ta rasu da ita a Legas a farkon 2007, mai shekara 22, kaza aka yanka aka gyara a gidansu kafin ta kwanta.

Malam ya san wannan duka ba don ya yi boko mai zurfi ba, sai don ya sha wuya a 2006. A watan Fabrairun shekarar ne aka tabbatar da cutar a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko da aka ga nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, dubban kaji suka mutu, ta watsu zuwa Kano da Filato, kafin watan ya ƙare an same ta a Magariya cikin Nijar. Gwamnatin tarayya ta ce za ta biya diyyar naira 250 kan kowace kaza da aka kashe, masu gonaki suka ce kuɗin bai kai darajar kazar ba. To wanda ya ga kajinsa sun fara zubewa me zai yi? Sai ya kwasa ya kai kasuwa kafin jami'ai su iso. Malam ya ce a lokacin yana yaron shago a wurin wani, maigidansa ya sayi irin waɗannan kaji don araha, cikin 'yan kwanaki kejin ya zama wayam, mutumin bai sake tashi a sana'ar ba. Cutar ta dawo Kano a 2015, ta sake dawowa a 2021, kuma yawanci da hunturu, lokacin da tsuntsayen ƙetare ke sauka a dausayi irin na Haɗeja da Nguru. Ya ce shi yanzu da sanyi ya kama yake fara takatsantsan, ba ya jiran sanarwar rediyo.

Na ji daɗin yadda yake yi wa mutane magana. Wata tsohuwa ta zo mayar da kiret ɗin ƙwai da ɗanta ya saya, ta ce ba za a kashe mata jikoki ba. Bai yi mata dariya ba. Ya karɓa, ya ba ta kuɗinta, ya ce, "Inna, in kin tashi ci ki dafa sosai, babu abin da zai same su da yardar Allah. Amma in kuna da kaji a gida, wadda ta mutu kada yara su taɓa, a sa leda a hannu a binne da zurfi." Ta tafi da kuɗinta, ƙwan kuma aka ajiye shi gefe bai koma cikin na sayarwa ba.

Yanzu ga inda shagon ya gaza. Na farko kuɗi. Ko a ranakun lafiya ya fi kasuwa tsada, da cinikin kaji ya faɗi kuwa kowa ya sauke, shi bai rage ko sisi ba, ya ce gonakinsa ba su rage masa ba. Na gane hujjar, amma mai ɗaukar kaji da yawa irina ta cancanci a duba mata. Rashin zabin nan ma ya ja min asarar wani aiki mai tsoka, don matar ta ce ita zabi take so ko ta fasa, ta kuwa fasa. Sai yaran shago. In Malam yana nan komai tsaf, da ya tafi masallaci sai ki ga an zare safar hannu an rataye takunkumi a haɓa, wanda ya gama fiɗa ya ɗauki waya ya duba tiransifa da hannun. Katakon da ake sara kaza a kai guda ɗaya ne tun safe, ruwa kawai ake watsa masa. In kika ce a kawo miki gida kuwa, ki ƙara awa biyu kan lokacin da suka faɗa, ranar Juma'a ma ki je da kanki.

Wanda ya fi damuna shi ne ruwan figa. Gashi da hanji ana tarawa a duro mai murfi a kwashe da yamma, wannan ya yi. Amma ruwan zafin da aka tsoma kaji da na wanke jini, kwata yake bi ya fita titi, kajin unguwa na tsattsaga a bakinta, yara na tsallakawa da silifa in an taso daga Islamiyya. Mutumin da ya kori kwando biyu na kaji masu araha bai kamata wannan ya wuce shi ba. Na faɗa masa, ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya, rami zan sa a haƙa a baya, maganar mai gidan haya ce ta tsayar da ni." Hunturu ya wuce, damina ta zo ta wuce, ramin shiru.

Har yanzu can nake saye, kuma in wata hayaniyar ta taso can zan fara zuwa. Mai son zuwa ta je da hantsi, lokacin Malam yana zaune, katako bai sha aiki ba, ta kuma ce a ninka mata leda. Ta bi ta gefen hagu na shagon, kwatar tana dama.