Wata huɗu ina sauraron 6 Minute Grammar na BBC, ga yadda na same shi

Jama'a da yawa sun tambaye ni wai me nake sauraro kullum da iyafis a kunne, to bari in faɗa gaba ɗaya a huta. Shirin koyon nahawun Turanci ne na BBC Learning English, sunansa 6 Minute Grammar, kuma kamar yadda sunan ya nuna minti shida ne kowane darasi, kyauta ne, yana shafinsu na intanet kuma ana samunsa a manhajojin fodkas. Su BBC ba yau suka fara wannan harkar ba, tun 1943 suke koyar da Turanci ta rediyo, shi ya sa in ka saurara za ka ji hannun ya faɗa.

Abin da ya kai ni gare shi, imel na rubuta na neman aiki na sa "I am working here since 2019", wani abokin aikina da na ba shi ya duba min ya ja layi a ƙarƙashi yace ba haka ake cewa ba, "I have been working here since 2019" ne. Abin ya dame ni sosai wallahi, don ni a kunnena babu wata matsala, ai "ina aiki a nan tun 2019" muke cewa, na ɗauko ta ne sak na juye. Kafin nan na yi wata da watanni da wata manhaja mai ba da maki da kofi kullum, ina ta danne-danne ina cin maki amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zaunar da ni ta faɗa min dalilin abu ba.

Yadda shirin yake, mutum biyu ne ke hira, su ɗauki tsari guda ɗaya tak, a karanto misalai, su maimaita, su sake juyawa ta wata fuskar, can ƙarshe su yi maka 'yan tambayoyi su ɗan dakata ka amsa da bakinka kafin su faɗi amsar. Wannan dakatawar ita ce ta fi min komai. Kuma akwai rubutaccen abin da suka faɗa a shafin, in kalma ta wuce ka sai ka duba.

Inda na fi daɗewa shi ne present perfect, na saurare shi ya fi sau goma ba ƙari. Mu a Hausa "na gama" ta ishe mu, ko jiya ne ko yanzun nan, sai dai ka ƙara kalmar lokaci. Su kuma sun raba, "I finished" daban "I have finished" daban, kuma da zarar ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce kamar yesterday ko last week, to kalmar "have" ta fita, ba a cewa "I have seen him yesterday", sai "I saw him yesterday". A makaranta an koya mana wannan fa, har da jadawali a allo, amma sunayen tensis ɗin kawai muka haddace don jarabawa. A nan kuwa sai da na ji jimlar tana fitowa daga bakin mutum cikin hira ta yau da kullum, wani yace ya ɓatar da makullinsa har yanzu bai gani ba, "I've lost my keys", sannan abin ya zauna min, wato abu ne da ya faru a baya amma har yanzu yana taɓa ka. Daga nan since da for ma suka warware, since da lokacin da abu ya fara, for da tsawon lokacin, "since Monday" amma "for three days".

Sai wanda ya ba ni mamaki, aikatau ɗin da ba sa son ing. Know, believe, understand, da have in mallaka ake nufi. "I am having a car" nawa ne a cikinmu ke faɗa, saboda "ina da mota" tana da wannan "ina" ɗin sai ƙwaƙwalwa ta kawo am, alhali "I have a car" ce kawai. Ranar da na ji darasin nan na koma cikin tsofaffin saƙonnina na WhatsApp ina dubawa, na ga "I am understanding" har wuri uku.

Question tags ma sun yi shi da kyau. Mu "ko?" ɗaya ce ke mana komai, za ka zo ko, ta kira ko, shi ya sa muke liƙa "isn't it" a ƙarshen kowace magana. Su kuwa wutsiyar tana bin jimlar ne, "you're coming, aren't you", "she called, didn't she", in gaban eh ne bayan ya zama a'a. Har da yadda murya ke tashi in da gaske tambaya kake, ta sauka in tabbatarwa kawai kake nema, wannan kam a takarda ba za ka taɓa jin sa ba.

Darasin "a" da "an" da "the" ban amfana da shi sosai ba, minti shida ta yi masa kaɗan gaskiya. Na dai riƙe cewa sauti ake bi ba harafi ba, shi ya sa "an hour" amma "a university". Amma yaushe ake sa the yaushe ake barinta, har yanzu ina tuntuɓe, wannan sai da yawan karatu.

Abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya fara, komai da Turanci ake bayani, don duk duniya aka yi shi, saboda haka wanda yake matakin farko can ƙasa zai sha wuya, gara ya ɗan samu tushe tukuna. Kuma ba su san inda Hausa ke jan ka ba, wannan aikin naka ne. Misali amsa tambayar da ke da korewa, a ce maka "ba ka gama ba?" kace "eh, ban gama ba", daidai ne a wurinmu, amma Bature in yace "haven't you finished?" kace masa yes to ya ɗauka ka gama, "no, I haven't" ake cewa. Wannan a wurin abokin aikin nan nawa na koya. Lafazinsu kuma na Ingila ne, in kunnenka ya saba da na Amurka za ka ɗan yi kwana biyu kafin ka daidaita.

Yadda nake yi, darasi ɗaya na kwana uku. Ranar farko in saurara kawai, ta biyu in bi da rubutun, ta uku in rubuta jimla biyar nawa na kaina a ɗan littafi, kowace in sa Hausarta a gefe in ga inda suka rabu. Ta haka na kama "did you went" da "she doesn't works", na gane cewa in did ko does ta riga ta ɗauki nauyin to aikatau ya koma yadda yake, go da work. Data ma ba ya ci sosai tunda murya ce, in na samu wayifai sai in sauke guda biyar in ajiye.

In za ka gwada ɗan'uwa, ina ba ka shawara ka fara da na for da since, sannan present perfect, kada ka bi su a jere kamar littafi, ka nemo wanda ke ci maka tuwo a ƙwarya. Ni yanzu ina kan used to da be used to, "I used to work" wato da ina yi na daina, "I am used to working" wato na saba, gobe ne ranar rubuta jimlolina biyar a kansu.